HANKALI AMANA NE: KIRA GA IYAYE DA MATASA GAME DA LAFIYAR ƘWAƘWALWA

Wannan ita ce laccar da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar a zaman matasa da iyaye na wata-wata. Mun kawo ta ɗungurungum saboda muhimmancinta.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kuma fifita shi da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maganar da zan yi a daren nan magana ce da muka saba rufe ta a cikin gida, mu sakaya ta da zane, har sai ta ruɓe ta yi wari sannan maƙwabta su ji. Ina nufin ciwon da yake kama zuciya da ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu: damuwa mai tsanani, da fargaba, da waswasi, da taɓin hankali. Zan fara ne da tona asirin kaina, domin kada wani ya zaci na zo in ɗora wa jama'a laifin da ni na kuɓuta daga gare shi.

WANI YARO A UNGUWARMU

Wasu shekaru da suka wuce akwai wani saurayi a unguwarmu, ɗalibin jami'a, mai ladabi, wanda ba a rasa shi a sahun farko. Mahaifinsa ya rasu a daidai lokacin da makarantarsu take rufe, ya zauna a gida wata da watanni ba karatu ba sana'a. Wata rana bayan sallar Magariba ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya ce, “Malam, ƙirjina yana yi mini nauyi, ba na iya barci, kuma ba na jin daɗin komai.” Ina sauri a lokacin. Sai na dafa kafaɗarsa na ce ya yawaita istigfari, ya yi haƙuri, na wuce. Abin da na faɗa masa gaskiya ne, amma ban zauna na saurare shi ba, kuma ban sake nemansa ba.

Da ya daina fitowa, sai muka ce girman kai ne na 'yan boko. Da ya daina wanka, sai muka ce lalaci ne. Da ya fara magana shi kaɗai, sai dangi suka ce sammu ne. Aka sayar da awakin mahaifiyarsa, aka kai shi wurin wani mai magani a wani ƙauye, aka sa masa mari a ƙafa, ana yi masa hayaƙi da bulala wai ana korar abin da ya shige shi. Bayan wata bakwai aka dawo da shi, ya rame, ƙafarsa duk gyambo. Wani ma'aikacin jinya da muke salla tare shi ne ya matsa har aka kai shi asibitin masu taɓin hankali. Cikin ikon Allah, bayan 'yan watanni yana shan magani sai ya dawo hayyacinsa. Yau yana da aure da sana'a. Ranar da na je neman gafararsa, abin da ya ce mini shi ne, “Malam, ba kuɗi na nema ba a ranar nan. So na yi wani ya tambaye ni me yake damuna.”

'Yan'uwa, wannan magana ba ta bar zuciyata ba har yau, kuma ita ce dalilin tsayuwata a gabanku.

MATSAYIN HANKALI

Malaman usulu sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya. Saboda kiyaye hankali aka haramta giya da duk abin da yake bugarwa. Kuma a kan hankali aka rataya hukunci, shi ya sa wanda hankalinsa ya gushe ba a binsa bashin salla ta lokacin da ba ya cikin hayyacinsa. To, idan Ubangijin da Ya halicce shi Ya ɗauke masa nauyi, mu wane ne da za mu ɗora masa sarƙa? Idan Shari'a ta yi masa uzuri, ina dalilin da yaranmu za su bi shi a titi da jifa da waƙa, manya suna kallo suna dariya?

Haka kuma, baƙin ciki ba alamar raunin imani ba ne. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusufu har ganinsa ya tafi, alhali kuwa Annabi ne ɗan Annabi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi suna kiranta Shekarar Baƙin Ciki. Kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye a ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Saboda haka, mai ce wa ɗansa “namiji ba ya kuka”, sai ya sake tunani, domin wanda ya fi kowane namiji ya yi kuka.

GIRMAN AL'AMARIN

Kada mu zaci wannan ciwon Turawa ne, ko na 'ya'yan masu kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a cikin kowaɗanne yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna farawa ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba. Ƙididdigarta ta shekarar 2021 ta nuna cewa sama da mutum 700,000 ne suke kashe kansu a duniya a cikin shekara guda, kuma wannan musiba tana cikin manyan abubuwan da suke hallaka masu shekara 15 zuwa 29. Ku dubi ajin Islamiyya mai yara 70, sannan ku yi lissafi da kanku.

A nan gida kuwa, dalilai ba ɓoye suke ba. Yaron da aka kashe ubansa a gabansa a Borno ko Zamfara, ko yarinyar da ta kwana a daji a hannun masu garkuwa da mutane, ko da an kuɓutar da jikinsu, abin da suka gani yana dawo musu a mafarki da farke. A shekarar 2022 jami'o'in gwamnati sun kasance a rufe wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aikin malamai, dubban ɗalibai suna zaune a gida suna ƙirga rana. Ga wanda ya gama karatu shekara biyar ba aiki, ƙanensa ya yi aure shi bai yi ba, ana yi masa habaici a gaban akushi. Ga mutuwar aure da take raba yara da iyayensu mata. Ga kuma wayar hannu, wadda take hana yaro barci har asuba, yana kallon hotunan motoci da gidajen wasu, yana auna su da halin da yake ciki, yana raina ni'imar da Allah Ya yi masa.

Sannan ga shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, kuma a cikin kowaɗanne huɗu, ɗaya mace ce. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan da aka fallasa irin ɓarnar da yake yi. Amma hana kwalba ba ya warkar da zuciyar da ta kai hannu ga kwalbar. Shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa tagwaye ne masu goyon juna: wani damuwa ce ta tura shi ga ƙwaya domin ya samu barci, wani kuma wiwi ce ta taɓa masa hankali. Idan muka tsaya ga tsinuwa kawai, ba mu tambayi abin da ya kai shi ba, to, mun kashe maciji ne ba mu sare kansa ba.

ALAMOMIN DA YA KAMATA MU SANI

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Kowa yana shiga ƙunci kwana ɗaya ko biyu ya fita, wannan ba ciwo ba ne. Abin da likitoci suke kira ciwon damuwa shi ne baƙin cikin da ya zauna kusan kullum har mako biyu ko fiye, ya hana mutum harkokinsa. Za ka ga yaro ya daina sha'awar abin da yake so a da, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, abinci ya fita ransa, kullum a gajiye, karatu ba ya shiga, yana ganin kansa ba shi da amfani. A wurin matasa sau da yawa ciwon yakan fito ne da siffar saurin fushi, sai mu ce rashin kunya ce. Kuma mutanenmu sukan bayyana shi da harshen jiki: ciwon kai da ba ya jin magani, zafi a tsakar ka, bugun zuciya, nauyin ƙirji. Sai a yi ta sayen maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ciwo yana nan.

Akwai ciwon fargaba, wanda mutum zai ji zuciyarsa tana dukan uku-uku, numfashi yana sarƙewa, kamar mutuwa ta zo, alhali ba abin tsoro a gabansa. Akwai waswasin da ya zama cuta, wanda zai sa yaro ya maimaita alwala sau goma har salla ta wuce shi, yana kuka, ya san ba daidai ba ne amma ya kasa bari. Akwai kuma taɓin hankali mai nauyi, wanda yakan ɓullo tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekaru ashirin da wani abu: mutum ya riƙa jin muryoyin da ba wanda yake ji, ko ya tabbatar a ransa cewa ana bin sa za a cuce shi.

Ina jan hankalin iyaye mata da mazaje game da mai jego. Fiye da mace ɗaya a cikin goma takan shiga ciwon damuwa bayan haihuwa. Idan kuka ga amaryar da ta yi haihuwar fari tana kuka ba dalili, ko ta ƙi jaririnta, ko tana sambatu, kada ku ce taɓara ce ko aikin kishiya. A kai ta asibiti da gaggawa, domin ranta da na jaririn suna cikin haɗari, kuma ciwon yana jin magani.

RUƘIYYA DA ASIBITI BA KISHIYOYI BA NE

Wani zai ce, Malam, shin kana musun aljanu da sihiri ne? A'a, ba ma musun abin da ya tabbata a nassi, kuma ba ma raina addu'a da ruƙiyya ta Shari'a. Abin da muke musu shi ne a mayar da kowane ciwo aljani, a buɗe wa bokaye da 'yan tsibbu da 'yan damfara kasuwa. Mun ga yadda ake cinye dukiyar talaka, a raba zumunci da cewa wance ce ta yi masa asiri, a kaɗaita da 'ya'yan mutane mata da sunan magani. Wanda ɗansa ya karye yana yi masa addu'a kuma yana kai shi wurin maɗori, ba wanda ya ce ya rasa tawakkali. To, ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce daga gaɓoɓin jiki, tana ciwo kamar yadda hanta da ƙoda suke ciwo, kuma an umurce mu da neman magani.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya ware rabi guda ga lafiyar rai. Ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, wanda ake yi wa magani da nasiha da gyaran tunani, da kuma wanda yake faɗo wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, wanda ya danganta da jiki ya ce yana bukatar magani. A Alƙahira kuwa, asibitin da Sarki Mansur Ƙalawun ya gina a shekarar 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. A ƙasarmu ma, a shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a ƙauyukan kusa da asibiti tare da wani ɗan'uwansu, suna karɓar magani ba tare da an raba su da jama'a ba.

Mu kuwa ina muka tsaya? A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane kimanin 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Bayan 'yan makonni aka sami irinsa a Daura. Mafi ciwo shi ne, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, saboda ba su san wata ƙofa ba. Duka ba ya warkar da ciwo, kuma mari ba ya dawo da hankali. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa marar lafiya haƙƙinsa da mutuncinsa. Amma abin kunya ne a ce sai doka ce za ta koya mana tausayin da addininmu ya riga ya wajabta mana.

ABIN DA YA HAU KANMU

Na farko, iyaye. Ku buɗe kunnuwanku kafin bakunanku. Mun gaji kunya da kara, kuma halaye ne masu kyau, amma kada su zama katanga tsakanin uba da ɗansa har yaro ya shekara bai zauna da ubansa sun yi hira ba. Idan ɗanka ya ce yana cikin damuwa, kada ka ce masa, “Me ka rasa, ci ko sha?” Ka zaunar da shi ka ce, “Faɗa mini, ina jin ka.” Ku daina gwada shi da 'ya'yan maƙwabta, ku daina mugun baki. Kuma kada tsoron kada a ce gidan wane akwai hauka, 'yan matan gidan su rasa miji, ya sa ku ɓoye marar lafiya a ɗaki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Na biyu, ku matasa, ƙannena. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Idan abu ya yi maka nauyi, ka nemi mutum ɗaya amintacce ka faɗa masa. Idan bai saurare ka ba, kamar yadda ni na kasa a ranar nan, ka nemi wani. Ka kiyaye barcinka, ka ajiye waya bayan Isha'i. Ka motsa jikinka, ka shiga jama'a, ka kama sana'a komai ƙanƙantarta, domin zaman banza gona ce ta miyagun tunani. Kada ka karɓi ƙwaya daga hannun aboki wai don ka manta damuwa. Za ta ba ka awa biyu ta karɓe shekara ashirin.

Na uku, idan wani ya ce ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu, ko ya fara rabar da kayansa yana ban kwana, kada a ɗauka wasa ne ko barazana. A tambaye shi kai tsaye cikin tausasawa ko yana tunanin hallaka kansa. Tambayar ba ta jefa masa tunanin, sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Ya san haramcin abin tun yana yaro. Abin da yake bukata a wannan sa'a shi ne hannun da zai riƙe shi.

Na huɗu, mu san ƙofofin magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen wannan fanni. Wanda yake nesa ya fara da asibitin da ya fi kusa da shi, za a tura shi gaba. Ku sani maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi sai da izinin likita, domin yankewar ita ce take dawo da ciwo. Wani ma ba ƙwaya yake bukata ba, zama ne da ƙwararre a yi ta tattaunawa har tunani ya warware.

Na biyar, mu malamai da limamai da shugabannin rassa. Mu ne ƙofar farko da ake ƙwanƙwasawa, tun kafin a je wurin likita. Ya wajaba mu san iyakar iliminmu, mu yi addu'a sannan mu ce, “Tashi mu je asibiti.” Ina ba da shawara kowane reshe ya gayyato likita ko ma'aikacin jinya ya koyar da malaman Islamiyya da 'yan agaji, maza da mata, waɗannan alamomi. A ware wani abu daga asusun taimako domin sayen magani ga marasa ƙarfi, tunda yawancin masu yanke magani talauci ne yake sa su. Wanda ya warke kuma a jawo shi cikin sahu, a ba shi aiki, a daina kiransa da sunan ciwonsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, kafin mu watse ina roƙon kowa ya yi abu ɗaya. Ka tuna wani saurayi ko wata budurwa a gidanku ko a layinku da aka kwana biyu ba a jin ɗuriyarsa, wanda ya yi shiru ba kamar da ba. Kada mako ya zagayo ba ka je ka yi masa sallama ba. Ka zauna, ka tambaye shi lafiyarsa, sannan ka yi shiru ka saurara. Ni na yi sauri a ƙofar masallaci, wani bawan Allah ya biya da wata bakwai a cikin mari. Kada ku maimaita kuskurena.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya kiyaye mana hankulanmu har ƙarshen rayuwarmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.